Dragica da Taswirar Kumfa

A Mala Lipovica in aka ce Dragica kawai, ba a tambaya wacce, ko da yake masu sunan sun kai uku a ƙauyen. Ana nufin Dragica Šoštarić, matar Slavko mai kaji, wadda ta shekara talatin da takwas tana tuƙa motar kashe gobara.

An haife ta a shekarar 1956, 'yar fari a gidan da babu ɗa namiji, saboda haka tun tana da shekara sha huɗu ubanta ya ɗora ta a kan tarakta. Da ta gama makaranta ta kama aiki a gonar haɗin gwiwa, tana huɗa, tana jan masara zuwa rumbu. Ta auri Slavko tana da ashirin da biyu. Shi mutum ne mai sanyin hali, in ka bar shi da kajinsa da rediyonsa ka gama masa komai. Ita kuwa muryarta daga bakin coci ana jin ta a bakin rafi.

Shigarta aikin kwana-kwana ba shiri aka yi ba. Wata rana da tsakar rani a 1984 rumbun ciyawar wani ya kama wuta, jiniya ta yi ta kuka, maza suka taru a gidan kwana-kwana, sai aka tuna direba ya tafi Jamus neman aiki. Mutum uku suka gwada tsohuwar motar, kowa sai ta yi tari ta mutu. Dragica ta dawo daga gona ta tarar da su suna turawa. Ta ce wa Imbro, shugaban ƙungiyar 'yan kwana-kwanan ƙauyen a lokacin, ya sauko ya ba ta wuri. Ya sauko. Suka isa kafin wutar ta tsallaka gidan kwana. Da aka gama Imbro ya ce to, ta riƙe makullin kafin direba ya dawo. Direba ya yi aure a can, bai dawo ba.

Bayan shekara uku aka kawo musu kumfa. Wata motar mai ce ta kife a babban titi, aka ga ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai gunduma ta raba wa ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka shuɗɗan gangunan roba cike da wani ruwa mai yauƙi. In aka haɗa shi da ruwa aka tura ta mesa, sai ya fito fari fat kamar auduga, ya kwanta a kan wuta ya shaƙe ta. Dragica ta ƙaunaci abin nan tun ganin farko. Maza suna zuba shi da ka, wani lokaci ya fito tsululu, wani lokaci ya toshe mesa. Ita ta zauna ta gane ma'auninsa, har ya zama daga ƙauyukan maƙwabta ana zuwa kallon hannunta. Suka sa mata suna Uwar Kumfa, ta karɓa da murna.

Kowace Lahadin farko ta wata, bayan an fito daga coci, sai a kunna baƙin mai a rabin duro a filin da ke bayan gidan kwana-kwana, ita kuma ta lulluɓe shi da kumfa, ana ƙirga daƙiƙa. Ranar bikin 'yan kwana-kwana a watan Mayu kuwa filin gaba ɗaya take cikawa har gwiwa. Yara su faɗa ciki, iyayensu su bi su da sunan kamo su, su ma su fito da farin gemu. Akwai shekarar da dinyoyin Milka, maƙwabciyarta, suka kutsa ciki, ba a ganin komai sai wuyansu suna yawo. An shekara ana ba da labarin. Kowa ya ɗauka abin ɗan'uwan sabulu ne, don haka aka gaya musu, kuma da yamma ƙasa ta shanye shi ba a ganin ko alama.

Ta ajiye makullin mota a 2022, da likitan ido ya ce ya isa haka. Ba ta cika shekara da hutawa ba wata mata ta zo daga hukumar lafiya ta gunduma da akwatin kwalabe. Sunanta Vesna Pintarić, siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta bi gida-gida a Layin Rafi, layin da ke gangaren filin atisaye, tana ɗibar ruwan rijiya. Layin nan shi kaɗai ne bai karɓi famfo ba lokacin da aka ja wa ƙauyen, domin mutanensa sun ce ruwan rijiyarsu ya fi daɗi, kuma Dragica ce kan gaba wajen faɗin haka. Da Vesna ta ga kajin Slavko suna tono a bayan gida, ta roƙi ƙwai shida. Slavko ya zaɓo mata manya, ya naɗe su a jarida, ya ce ta soya da man shanu kaɗan, kada ta cika gishiri. Ta ce ba ci za ta yi ba. Ya yini yana jin haushin maganar.

Bayan mako shida ta dawo da takardu. Ta zauna a kicin ɗin Dragica ta yi bayani a hankali. A cikin tsohuwar kumfar akwai wani sinadari da ba ya ruɓewa. Rana ba ta cinye shi, tafasawa ba ta kashe shi. Yana bin ruwan sama ya nutse, ya shiga rijiya, ya shiga tsutsar da kaza ke ci, ya taru a ƙwai, ya taru a jinin mutum. Rijiya huɗu a layin sun wuce ƙa'ida, har da tasu da ta Milka. Ƙwan ma haka. Ta ce kada su firgita, ba abin da ke kayar da mutum yau ko gobe ba ne, amma daga ranar a daina sha, a daina cin ƙwan, za a riƙa kawo ruwa a tanki.

Dragica ta yi kwana uku ba ta fita daga gida ba. Tana zaune bakin taga tana kallon filin, tana tuna yaran da ta lulluɓe da hannunta, waɗanda yanzu su ma suna da nasu yaran. A rana ta huɗu Milka ta turo ƙofa ba sallama, riƙe da farantin štrukli mai zafi, gasasshen naɗin fulawa, cuku yana tsatsowa ta gefe.

"Tashi ki ci," in ji Milka. "Shekara talatin kina shayar da ni ruwan wanki, ban mutu ba, ke ce za ki mutu da zaman taga?"

"Milka, ni na fesa shi."

"Ni kuma na tafa miki. Har kujera nake kawowa don in gani da kyau. Da masu jan famfo suka zo mana, wa ya kore su da tsintsiya? Ni da ke. Ci, kafin ya huce."

Dragica ta ci uku. Tana cikin na huɗu Milka ta gaya mata an kira taro ranar Asabar, kuma ta ji ƙishin-ƙishin maza sun shirya yin shiru.

Abin da ya faru shi ne gunduma ta aiko wa kowace ƙungiyar kwana-kwana takarda, a rubuta duk inda aka taɓa fesa tsohuwar kumfa, da shekarar, da yawanta. Za a haɗa a taswira ɗaya a sa a intanet, kowa ya duba ya ga ko kusa da rijiyarsa ne. Shugaban ƙungiyar na yanzu, Rudi Kranjčec, wanda Dragica ta koya wa naɗe mesa tun yana saurayi, ya tashi a taron ya ce littattafan ƙungiya sun jiƙe a ambaliyar da aka yi, wanda ya rage ɓeraye sun cinye. Wannan gaskiya ne. Ya ce in aka sa sunan ƙauyen a taswira, ba mai sake sayen gida a nan, ba mai sayen kabejinsu a kasuwa, ƙila ma a kai su kotu. Shawararsa a rubuta filin atisaye kawai, sauran a ce ba a tuna ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Dragica ta miƙe daga kujerar baya.

"Rudi, ɗana, ɓera bai ci kaina ba. Na tuna. Ka tuna kai ma, don kai ke riƙe mini mesa ta baya."

"Teta Dragica, ba wanda ya ce laifinki ne," in ji Rudi, yana kiranta Teta, wato gwaggo, kamar yadda ake kiran manyan mata a ƙauyen.

"Ban zo neman mai laifi ba. Akwai mai shan ruwa yau a inda na fesa, bai sani ba. In kotu kake tsoro, sa sunana a saman takardar. Na tsufa, in sun ɗaure ni Slavko ya huta da surutu."

Aka yi dariya, Slavko ya sunkuyar da kai yana murmushi. Rudi bai yarda ba, bai kuma hana ba. Ya ce ta yi abin da za ta iya, in ta gama a gani.

Washegari ta je ofishin ƙaramar hukuma ta karɓo babbar taswirar ƙauyen, ta manna ta a faifan katako, ta sayi fil mai jan kai kwali guda. Ta hau kekenta ta fara da gidan Imbro. Tsohon ya kai tamanin da takwas, kunne ya tafi, amma kai garau. Matsalar ita ce ba ya lissafi da shekara. In ta tambaye shi yaushe injin girbi ya ƙone, sai ya ce shekarar da 'yar mai niƙa ta yi aure aka yi ƙanƙara. Dole ta je gidan 'yar mai niƙa ta duba bayan hoton aure. Suka yi mako guda suna jayayya a kan inda injin ya tsaya. Imbro ya ce gabas da gadar, ita ta ce yamma. Ya ce shi ne shugaba a ranar, ta ce ita ce ta ajiye motar. Daga ƙarshe aka gano injin girbi biyu ne suka ƙone, shekara huɗu tsakani, kowa da gaskiyarsa. Imbro ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi.

Tun tana bin mutane, har mutane suka koma bin ta. Sai ta ji an tsayar da ita a bakin shago, a ce an tuna da motar burodi da ta kama wuta a gaban makaranta. Wani ya kawo kundin hotuna. Ta lura matan sun fi mazan riƙe abu, domin su suka wanke kakin. Mace za ta ce ranar kaza mijinta ya dawo yana warin kumfa har cikin takalmi, ta jiƙa kayan a bayan gida ta zubar da ruwan a gindin tufa. Su ne kuma suka tuna mata abin da ita kanta ta manta, cewa duk bayan atisaye a bakin rafi ake wanke mota da mesa, ƙasa da tsohon injin niƙa. Wannan wuri ya samu fil mafi girma bayan filin.

Tana tsakiyar wannan aiki, wata safiya tana shan kofi, ta yi tambayar da ba ta taɓa zuwa mata ba. Ta ce wai shin gangunan da suka ƙare, ina suke tafiya? Shekara talatin da biyar ana kawowa, ba ta taɓa ganin an mayar da ko ɗaya ba.

Slavko ya ajiye kofinsa. Ya share baki. Ya ce ta zo ta ga wani abu. Ya kai ta bayan akurki, inda wata ganga take tsaye ƙarƙashin indararo, rana ta kwashe shuɗinta, ruwan sama cike fal. Daga nan yake ba kaji ruwa tun shekarar da aka yi wa coci fenti.

"Na wanke ta sau uku," in ji shi. "Har da ruwan zafi."

Ta dube shi, ta dubi gangar, sai dariya ta kama ta har ta zauna a kan kututture. Ta ce ita tana yawon ƙauye a keke tana neman guba, ashe maigida yana raba ta a kwano kowace safiya. Da ta kira Vesna ta gaya mata, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce roba tana riƙe sinadarin, a nemo gangunan duka.

Neman gangunan ya fi komai ba ƙauyen nishaɗi. Ba wanda ya so ya fara amsawa, don kowa ya san ba da izini ya ɗauka ba. Dragica ta sa aka sanar a coci cewa ranar Asabar za a ajiye tirela a bakin gidan kwana-kwana, duk mai ganga ya kawo, ba tambaya. Ta ɗauko kujera ta zauna gefen tirelar, ta ce ai ba tambaya ta yi alkawari ba, ba ta ce ba kallo ba. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani a baro, wani a kafaɗa, kowa yana kallon ƙasa. Wata an tara ruwan sama a ciki, wata an zuba hatsin aladu, biyu an tsima kabeji. Milka ta kawo tata tana cewa ita tsinta ta yi. Kafin azahar an tara goma sha shida.

Ta sha bakwai Rudi ne ya kawo ta, a bayan motarsa, yana zufa. A rumbun mahaifinsa ya same ta. A cikinta tsohon yake tsima 'ya'yan itacen da yake dafa barasar rakija da su, wadda aka sha a bikin auren Rudi, da sunan 'ya'yansa biyu, da kowane taron ƙungiya. Ya sauke gangar a tirela. Daga baya ya ce da Dragica ta ba shi fil ɗaya. Ya soka shi a kan gidan ubansa da hannunsa, sannan ya tambaya ina takardar gunduma, zai sa hannu, kuma sunansa ne zai hau sama tunda shi ne shugaba. Ta ce ya yi, amma a rubuta nata da manyan baƙaƙe.

Fil arba'in da ɗaya suka miƙa. Vesna ta ce a duk gundumar ba ƙauyen da ya kawo rabin haka, wasu layi biyu kawai suka rubuto. Ta kwashe kaka tana bin wuraren da kwalabenta, Dragica na gaba a keke tana nuna hanya. Yawancin wuraren suka fito lafiya, domin sau ɗaya aka fesa, an kuma daɗe. Amma an samu ƙarin rijiya biyu da ba wanda ya yi zaton su, ɗaya a gidan wasu matasa da suka sayi tsohon gida kusa da injin niƙa, matar tana da ciki wata biyar. Ranar da aka kai musu tankin ruwa, Dragica ta koma gida ta dafa miyar wake tukunya guda, ta ci kwano biyu, ta yi barcin rana irin wanda ta daɗe ba ta yi ba.

An ɗebi jinin duk wanda ya so. Sinadarin da ke jininta ya fi na kowa a ƙauyen, ban da Imbro, wanda ya yi ta alfahari da zuwa na ɗaya. Likita ya ce mata a yanzu bai ga wata cuta ba, amma ta riƙa zuwa duk shekara a duba ƙoda da maƙogwaro. Tana zuwa, tana kuma tara sauran tsofaffin ƙungiyar a bas ɗaya, ko suna so ko ba sa so. In sun fito asibiti su wuce gidan abinci.

Abin da Rudi ya ji tsoro bai zo yadda ya zata ba. An yi wata biyu masu sayen kabeji suna ja da baya, mutum ɗaya ya fasa sayen fili. Bayan haka sai ya zama mai neman gida yana buɗe taswirar a wayarsa, ya ga an gwada rijiyar kaza ranar kaza ga sakamako, abin da ba zai samu a ƙauyen gaba ba. Kwafin taswirar yana liƙe a ƙofar gidan kwana-kwana cikin gilashi. Duk wata uku Vesna tana aiko sababbin alƙaluma, Dragica ta je ta canja takardar, mutane su taru suna karantawa kamar sakamakon ƙwallo. An kuma kafa doka a ƙungiyar, duk fitar da aka yi da kumfa, ko sabuwa ce, sai an rubuta wuri da rana da yawa a allo kafin a cire takalma.

Aka killace filin atisaye, aka kwashe ƙasar samansa. Aka ja famfo zuwa Layin Rafi kafin hunturu. Milka ta ce ruwan yana warin asibiti, ta yi wata guda tana ƙorafi, sannan ta sayi injin wanki. Sabuwar kumfar da aka kawo ba ta da wancan sinadari. Dragica ta je kallon gwajin farko, ta murza ta a yatsa, ta ce ta yi ruwa-ruwa, ba ta da jiki irin ta da. Ta karɓi mesar daga hannun Rudi don ta nuna musu yadda za su karkata ta, wutar ta mutu, ta miƙa masa ta ce ba laifi.

Kajin ne suka zama rigima ta ƙarshe. An ba Slavko shawara ya rabu da su, ya ce ba zai yanka kazar da ba ta yi masa komai ba. Ya bar su guda goma sha ɗaya a bayan gida, ya ce sun yi ritaya, yana tara ƙwansu a bokiti mai murfi ana kwashewa tare da sharar da hukuma ke ɗauka. Ya gina sabon akurki a gonar ƙanwarsa a kan tudu, ya zuba 'yan tsaki talatin, yana hawa can sau biyu a rana. Da suka fara ƙwai a bazara ya kai wa Vesna shida har ofis. Sakamako ya fito tsaf. Ya sake komawa da wasu shida, ya ajiye mata a tebur, ya ce waɗannan na ci ne, kuma zai tambaya ko ta ci.

Yanzu Dragica tana da shekara sittin da tara. Ƙauyuka uku na hayin kogi sun aiko a zo a taya su yin tasu taswirar, ta gama da biyu. Ranar Talata da Alhamis take zuwa, a bas ɗin ƙarfe takwas, da faifan katako a hammata da kwalin fil a aljihun riga. Ta ce mutanen hayi sun fi na gida taurin kai, amma matansu suna da kundin hotuna masu kyau, kuma a gida na uku ko na huɗu ake fara ba ta abinci.